Thunderbird: yadda ake tsara ginshiƙan dosiye da hanyoyi uku na neman wasiƙar da ta ɓuya

A buro-buro da yawa, daga Yamai zuwa Garwa da Njamena, har yanzu wasiƙun aiki a kwamfutar tebur ake karanta su, ba a waya ba. Takardar kudin kaya, amsar jami'a, jadawalin taro, rahoton da mai ba da tallafi yake jira kafin ya saki kuɗi, duk ta imel suke zuwa. Ranar da aka nemi ɗaya aka rasa, abin da aka fi ji shi ne "wasiƙar ba ta iso ba". Sau da yawa kuwa ta iso, tana nan kwance. Ko dai jerin wasiƙun bai nuna abin da zai sa a gane ta ba, ko kuma an neme ta da hanyar neman da ba ta dace ba.

Wannan bayani ya shafi Thunderbird ne, manhajar imel ta kyauta da ke aiki a Windows da Linux da Mac. Sigarta ta 1.0 ta fito a watan Disamba na 2004 daga Mozilla, kuma tun Janairun 2020 kamfanin MZLA, wanda ke ƙarƙashin gidauniyar Mozilla, shi ke kula da ita. Da yake galibin kwamfutocin masu karatunmu da Faransanci suke, sunayen maɓallai da za a ambata na Faransanci ne. Kalmar "dosiye" a nan tana nufin ma'ajiyar wasiƙu irin akwatin shigowa ko na waɗanda aka aika, abin da 'yan Najeriya da Gana ke kira folda. "Ginshiƙi" kuma shi ne layin da ke tsaye a jerin wasiƙu, mai kai a sama: na suna, na kwanan wata, na girma.

Kafin komai: tebur ko kati

A watan Yuli na 2023 siga ta 115, mai laƙabin Supernova, ta sauya fuskar manhajar. Ta zo da sabon salon jeri inda kowace wasiƙa ke zama kamar ƙaramin kati, sunan mai aikowa a sama, batu a ƙasa, kamar yadda ake gani a waya. A wannan salon babu ginshiƙai ko ɗaya. Wanda yake neman su sai ya koma salon tebur, ta ƙaramin maɓallin zaɓin nuni da ke saman jerin wasiƙu ta hannun dama. Katin yana da daɗin kallo a ƙaramin allo. Amma ga mai wasiƙu dubbai tebur ya fi, domin yana nuna wasiƙu da yawa a lokaci guda, kuma dannawa ɗaya a kan ginshiƙi ta isa ta sake jera su.

Ƙarawa, ragewa da jera ginshiƙai

A ƙarshen layin kawunan ginshiƙai, can dama, akwai ƙaramar alama. In an danna ta, jerin dukkan ginshiƙan da manhajar ta sani zai sauko, waɗanda ke bayyane da alamar maki a gabansu. Dannawa ɗaya tana fito da ginshiƙi, wata dannawar ta ɓoye shi. Na batu, wato Sujet, shi kaɗai ne ba ya ɓoyuwa. Ana jan kan ginshiƙi da linzami a kai shi hagu ko dama, ana kuma jan iyakarsa a faɗaɗa shi ko a matse shi.

Danna kan ginshiƙi yana jera wasiƙu bisa shi, sake dannawa yana juya jerin. Akwai wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su lura da ita ba: manhajar tana riƙe jerin da ya gabata a matsayin na biyu. In ka fara danna Date sannan ka danna Expéditeur, wasiƙun kowane mutum za su taru wuri ɗaya, kuma a cikinsu suna bin kwanan wata.

Ba duka ginshiƙai ne suke da amfani ɗaya ba. Huɗu sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko Date da ɗan'uwansa Reçu. Date lokacin da kwamfutar mai aikowa ta rubuta ne a kan wasiƙar. Reçu lokacin da ta iso uwar garke ta mai karɓa. Bambancin sa'a tsakanin ƙasashe ba matsala ba ne, domin Thunderbird tana mayar da lokaci zuwa agogon wurin da kake: wasiƙar da aka aiko daga Kumasi da ƙarfe 9 za ta nuna ƙarfe 10 a Maraɗi ko Marwa. Matsalar ita ce tsohuwar kwamfuta wadda ƙaramin batirin agogonta ya mutu, musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa. Irin wannan na'ura tana iya buga wa wasiƙar yau kwanan watan shekaru da suka wuce, sai ta nutse a gindin jeri inda ba mai dubawa. Wanda ya jera bisa Reçu ba ya faɗawa wannan rami. A ganina duk buron da ke karɓar takardu masu wa'adi, kamar neman aiki ko neman kwangila, ya kamata ya bar ginshiƙan biyu a bayyane.

Na biyu Correspondants, wanda ya shigo da siga ta 45 a 2016. Yana haɗa aikin Expéditeur da Destinataire: wasiƙar da ta shigo yana nuna wanda ya aiko, wadda ka aika yana nuna wanda aka aika wa, da ƙaramar kibiya a gefe. Yana da amfani a dosiyen da ya cakuɗa masu shigowa da masu fita. A akwatin shigowa zalla, wasu sun fi son Expéditeur, kuma ba laifi.

Na uku Taille, girman wasiƙa. Ga mai sayen data da kuɗinsa, ko mai akwatin Gmail na kyauta da ya kusa cika gigabait 15 ɗinsa, wannan ginshiƙi ne ke nuna inda nauyin yake. Jera bisa shi daga babba zuwa ƙarami, sai ka ga 'yan wasiƙu ƙalilan masu hotuna da takardun da aka yi wa sikan sun cinye wurin da dubban wasiƙun rubutu ba su ci ba. Kada ka yi mamaki in girman ya wuce na fayil ɗin da aka maƙala. Hanyar da imel ke ɗaukar fayil tana ƙara masa wajen kashi ɗaya bisa uku.

Na huɗu Emplacement, wanda ke faɗin dosiyen da wasiƙa take. A dosiye na yau da kullum ba shi da wani amfani. A sakamakon bincike kuwa shi ne gaba da kowa, musamman ga masu Gmail, inda wasiƙa ɗaya kan bayyana sau biyu: sau ɗaya a akwatin shigowa, sau ɗaya a dosiyen "Tous les messages". Wanda ya haɗa akwatuna biyu ko uku wuri ɗaya zai kuma so ginshiƙin Compte, don ya san ta wane adireshi aka rubuto masa kafin ya amsa.

Sauran, irin su tauraro, alamar abin maƙalawa, alamar karantawa da Priorité, ƙanana ne kuma sunansu ya bayyana aikinsu. Étiquettes ne kawai ke buƙatar kalma ɗaya. Manhajar tana zuwa da laƙabai 5 masu launi: Important, Travail, Personnel, À faire da Peut attendre. Lambobi 1 zuwa 5 na manna su, 0 na cire su duka, kuma ana iya sake musu suna ko a ƙara wasu. Sakatariyar makaranta tana iya mayar da su "an biya", "ana jira", "na darakta".

Kowane dosiye da tsarinsa

Ga inda aka fi yin tuntuɓe. Thunderbird tana riƙe tsarin ginshiƙai dosiye-dosiye. In ka gyara akwatin shigowa ya yi maka daidai, ka buɗe wani tsohon dosiye, za ka tarar da shi yadda yake jiya. Ba lalacewa ba ce, haka aka gina ta, domin dosiyen wasiƙun da ka aika ba ya buƙatar abin da akwatin shigowa ke buƙata.

Maganin yana ƙasan wannan jerin da ake zaɓar ginshiƙai. Akwai umarnin shimfiɗa tsarin da kake kai a kan wani dosiye guda, ko a kan dosiye da duk 'ya'yansa. In ka zaɓi sunan akwatin kansa, tsarin ya game duk abin da ke ƙarƙashinsa. Sababbin sigogi suna da umarni na biyu kusa da shi, wanda ke shimfiɗa yanayin jeri, wato bisa me aka jera kuma daga sama ko daga ƙasa. Ka yi tunani kafin ka amince, domin ba a dawo da tsohon tsarin kowane dosiye sai da hannu.

Ana ajiye wannan tsari a cikin ƙaramin fayil ɗin fihirisa na dosiyen, mai ƙarewa da .msf. Shi ya sa in aka danna "Réparer le dossier" a cikin Propriétés, abin da ake yi in jeri ya rikice ko wasiƙa ta ƙi buɗuwa, ginshiƙan na iya komawa yadda suke tun asali. Wasiƙu ba sa ɓata ta haka, tsarin ne kawai za a sake.

Ga wanda ba ya tsoron leƙa ciki, editan saituna da ke ƙarshen shafin Général yana da layuka biyu masu amfani. Layin mailnews.default_sort_order in ya zama 2 sababbin wasiƙu za su hau sama, 1 kuma ƙasa. Layin mailnews.default_sort_type in yana 18 jerin na bin kwanan wata. Waɗannan suna aiki ne a kan dosiyoyin da ba a taɓa buɗewa ba.

Shi ma jerin dosiyoyi na hagu yana da nasa lambobin. Kafin siga ta 115, ana iya fito masa da ginshiƙai 3: waɗanda ba a karanta ba, jimilla, da girma. Yanzu an mayar da su cikin maɓallin ɗigo uku da ke saman jerin, inda ake zaɓar nuna jimillar wasiƙu da girman dosiye kusa da sunansa.

Hanyoyin nema uku, ba ɗaya ba

Thunderbird tana da hanyoyin nema uku, kuma kowace da yadda take karanta kalma. Rashin sanin wannan ne ke sa mutum ya rantse wasiƙa babu ita.

Ta farko ita ce matattara mai sauri, Filtre rapide, wadda ta shigo da siga ta 3.1 a 2010. Ctrl da Maj da K ke buɗe ta. Tana duba dosiyen da kake ciki kaɗai, tana ɓoye duk abin da bai dace ba tun kana bugawa. Da ka fara rubutu, maɓallai 4 za su fito: mai aikowa, masu karɓa, batu, da cikin wasiƙa. Na ƙarshen a kashe yake tun asali. Wato in lambar kwantena ko sunan ɗalibi yana cikin jikin wasiƙar ne ba a batu ba, ba za ka gan shi ba sai ka kunna wannan maɓalli. A gefe kuma akwai maɓallan da ke tace waɗanda ba a karanta ba, masu tauraro, masu laƙabi, masu abin maƙalawa, da waɗanda suka fito daga mutanen da ke littafin adireshinka. Ana haɗa su: masu abin maƙalawa, daga wane, masu kalmar "facture".

Can hagu akwai alamar fil. In an soke shi, matattarar tana bin ka duk dosiyen da ka shiga. Yana da amfani in kana bin sawun wasiƙa dosiye bayan dosiye. Shi ne kuma ke sa mutum ya buɗe kwamfuta da safe ya ga akwatinsa fayau, hankalinsa ya tashi, alhali fil ɗin jiya ne aka manta. Maɓallin Échap yana share abin da aka rubuta.

Ƙarfin wannan matattara shi ne tana kama guntun kalma. In ka rubuta "makarant", za ta kawo makaranta da makarantu da makarantar. Kalmomi biyu da fili a tsakaninsu na nufin dole duka su kasance. In an sa su cikin alamar zance, sai an same su jere. Tsayayyen layin nan | kuma yana nufin "ko wannan ko wancan". A allon bugu na AZERTY ana samun sa da AltGr da 6.

Wannan alama ta ƙarshe tana da muhimmanci na musamman ga mai rubutu da Hausa. A wurin kwamfuta, ƙ harafi ne dabam da k, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Mutane kuwa suna rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi da yawa: wani ƙasa, wani kasa, wani k'asa. Ƙa'idar rubutun Nijar tana amfani da ƴ inda ta Najeriya ke sa 'y. In ka nemi "kuɗi", wasiƙar da aka rubuta "kudi" ba za ta fito ba. Sai ka rubuta kuɗi|kudi. Haka sunayen garuruwa da ke da suna biyu: Zinder|Damagaram, Niamey|Yamai, Maroua|Marwa. Haka sunayen mutane da rubutun Faransanci da na Ingilishi suka raba: Ousmane|Usman, Aboubacar|Abubakar, Aïchatou|Aisha. Ɗan kasuwar da ke hulɗa da Kano da Duala a rana ɗaya ya san suna guda kan zo masa da fuska uku.

Hanya ta biyu ita ce bincike na gaba ɗaya, akwatin da ke can saman taga, wanda Ctrl da K ke kai ka. Ya zo da siga ta 3.0 a Disamba 2009. Yana duba dukkan akwatuna da dosiyoyi lokaci guda, yana buɗe sakamako a sabon shafi, da zaɓin tacewa ta mutum, dosiye da laƙabi a gefen hagu. Yana da sauri domin ba wasiƙun yake karantawa ba, fihirisar da ya gina tun farko yake dubawa. Daga nan ne iyakokinsa suka fito. Cikakkun kalmomi yake nema, ba guntaye ba, don haka "makarant" ba zai kawo komai ba, kuma ɓangaren lambar takarda ba zai kawo lambar ba. Yana tsallake kalmomin da ba su kai haruffa 3 ba. Ba ya shiga kwandon shara da dosiyen wasiƙun banza, alhali nan ne amsar jami'a ko ta ofishin jakadanci kan faɗa bisa kuskure. A akwatin IMAP kuma, cikin wasiƙa ba ya shiga fihirisa sai an sauke kwafinta a kwamfutar, abin da ake saitawa a "Synchronisation et espace disque" cikin saitunan akwati. Mai tattalin data da ya hana saukewa ya san farashin da ya biya: bincikensa suna da batu kawai yake gani.

In sakamakon ba ya maka daɗin karatu, akwai zaɓin buɗe shi a matsayin jeri. A nan ginshiƙan da muka ambata suke dawowa, da Emplacement a gaba.

Fihirisar tana iya lalacewa, musamman bayan wuta ta ɗauke kwamfuta tana tsakiyar aiki. Alamarta ita ce bincike ya kawo wasiƙun da ba sa buɗuwa, ko ya kasa kawo waɗanda kake gani da idonka. Gyaran: a rufe Thunderbird, a shiga dosiyen bayanan mai amfani, a goge fayil ɗin global-messages-db.sqlite shi kaɗai, a sake buɗewa. Manhajar za ta gina sabo. A Windows wurin yana ƙarƙashin %APPDATA%\Thunderbird\Profiles, kuma shafin bayanan gyara matsala da ke cikin Aide yana da maɓallin buɗe shi kai tsaye. A babban akwati da tsohuwar na'ura aikin na iya cin sa'o'i, don haka a yi shi lokacin da ake da wuta. Kada a taɓa sauran fayilolin da ke wurin, wasiƙun kansu suna cikinsu.

Hanya ta uku ita ce mafi tsufa kuma mafi tsauri: tagar neman wasiƙu, Ctrl da Maj da F, ko danna dama a kan dosiye. A nan sharuɗɗa ake ginawa layi-layi. Kowane layi yana da fanni, da yanayin gwaji, da abin da ake nema: batu ya ƙunshi kaza, mai aikowa ya ƙare da kaza, kwanan wata bayan kaza, shekarun wasiƙa ƙasa da kwana 30, girma sama da kilobait 5000. Ana zaɓar ko duk sharuɗɗan su cika ko ɗaya ya isa, ana kuma zaɓar ko a shiga ƙananan dosiyoyi. Tana iya cewa "bai ƙunshi", abin da ke da amfani in ana son duk wasiƙun wata ƙungiya ban da sanarwarta ta mako-mako. A akwatin IMAP akwai zaɓin a bar uwar garke ta yi binciken, wanda ke gano abin da ba a sauke ba amma yana buƙatar intanet. Raunin wannan taga shi ne akwati ɗaya take dubawa a lokaci guda.

Binciken da ya zama dosiye

A ƙasan wannan taga akwai maɓallin ajiye bincike a matsayin dosiye, abin da Faransanci ke kira "dossier virtuel". Sai ya zauna a jerin hagu kamar sauran, kuma duk lokacin da aka buɗe shi yana sake binciken. Shi yana iya haɗa dosiyoyi daga akwatuna dabam-dabam. Mai kula da asusun ƙungiya na iya yin ɗaya na duk wasiƙu masu abin maƙalawa na kwana 30 da suka wuce. Mai shigo da kaya ta tashar Lome ko Duala na iya yin ɗaya ga kowane dillali. Yana karɓar ginshiƙai kamar kowane dosiye, kuma a nan ma Emplacement da Reçu sun dace.

Abu biyu a riƙe. Goge dosiyen binciken kansa ba ya goge wasiƙa ko ɗaya. Amma goge wasiƙa daga cikinsa yana goge ta ainihin, a inda take. Sannan a saitunansa akwai zaɓin bincike ta intanet: yana kawo sakamako na ƙarshe-ƙarshe, amma yana sa dosiyen jinkirin buɗuwa inda layi ba shi da ƙarfi.

Wani tarko na ƙarshe da ya shafi duk hanyoyin uku. A Thunderbird haruffa su kaɗai umarni ne in linzami ba ya cikin akwatin rubutu. A yana kai wasiƙa ma'ajiyar Archives, J yana mata tambarin banza, M yana mayar da ita karantacciya, K yana sa a yi watsi da zaren hirar gaba ɗaya. Mutum yakan ɗauka yana rubutu a akwatin nema, ya buga "Amadou" idonsa na kan allon bugu, harafin farko ya riga ya ɗauke wasiƙar da ke gabansa. In an lura nan take, Ctrl da Z na dawo da ita. In sai daga baya, a duba Archives, inda manhajar ke raba wasiƙu shekara-shekara bisa kwanan watan da ke kansu, ba bisa ranar da aka ajiye su ba.